Ranar da Alhaji Iro Ya Tsere da Rigar Asibiti

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da majiyyaci ya tsere daga hannuna, ina cikin sati na biyu da komawa aiki. Tunda ku sababbi kuna yawan tambayata yadda na ji da na dawo asibiti bayan dogon zama a gida, ku gyara zama ku ji. Mai labarin ya ba ni izini, shi da kansa ma yana bayarwa a kasuwa har da ƙarin gishiri, amma duk da haka na canza masa suna. Mu kira shi Alhaji Iro.

Na yi karatun jinya tun ina budurwa, na kuma yi aiki a sashen tiyata a nan Garwa. Bayan na haifi Sadiya sai ga tagwaye, ga Malam maigidana ana ta yi masa canjin wurin aiki, yau Bogo gobe wani garin. Na ajiye aiki da niyyar in huta shekara biyu. Shekara biyun nan ta yi ta miƙewa har autana ya shiga sakandare. Kafin nan mun dawo Garwa mun zauna a Jambutu, inda babu wanda ya san ni da farar riga. A unguwa ni ce Maman Sadiya, mai tsayawa kan tukunya a duk gidan biki. Idan aka haihu, ko aka sa rana, ko wata ta yi yaji, yawanci daga bakina ake fara ji.

Asibitin da ya ɗauke ni ya sa sharaɗi: watannin farko na gwaji ne, a ƙarƙashin majo. Ga wanda bai sani ba, majo ita ce shugabar ma'aikatan jinya ta sashe. Ita ke raba aiki da safe, ita kuma ke faɗa wa na sama ko mutum ya cancanci a riƙe shi. Da na shiga ofishinta ranar farko sai na tarar da Rebeka, yarinyar nan 'yar duwatsun Mokolo da ta yi koyon aiki a hannuna, wadda na taɓa sa ta warware gado ta sake gyarawa har ta yi kuka. Ta tashi ta rungume ni, sannan ta koma kujerarta ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Tanti, a waje ke Tantina ce, gwaggona. A nan ciki ke Madam Hauwa, ni Majo. Mun gane?"

Na ce mun gane.

Satin farko na sha kunya iri-iri. Aka miƙo mini ma'aunin zafin jiki mai kama da ƙaramar bindiga, wanda ake nunawa a goshi. Hannuna da kansa ya kama kaɗa shi kamar yadda muke yi wa na gilashi a zamaninmu, har batirin ya faɗo ya gangara ƙarƙashin gadon wata tsohuwa. Na'urar awon jini kuwa ita ke hura kanta ta rubuta lamba, ni kuma ina tsaye da abin sauraro a kunne ina jiran bugun da babu mai buƙatarsa. Mafi muni shi ne safiyar da wani saurayi ya shigo ɗakin maza da hular babur a hannu yana leƙa gadaje. Na tare shi na ce, "Kai yaro, lokacin ziyara bai yi ba. Fita ka jira a benci." Ya ce, "To, Mama," ya fita. Can sai ga shi ya dawo cikin farar riga, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama ya ce, "Mama, yanzu zan iya shigowa?" Ashe Dokta Hamadu ne, likitan tiyatarmu.

To, ranar da nake ba ku labari Talata ce. Bayan an miƙa mana aiki da safe, Majo ta kira ni ta ce akwai dattijo a gadon kusa da taga, an kawo shi da sassafe. Gwaiwa ce ta shekaru, yau ta maƙale ta ƙi komawa, ya fara amai. Ma'ana hanji ya sauko inda bai kamata ba, ƙofar ta shaƙe shi. Dokta ya duba ya ce da zarar an fito da wanda ke ɗakin tiyata, shi za a shigar. Aikina shi ne in shirya shi: in tabbatar bai ci komai ba, in sa masa allurar ƙarin ruwa, a sa masa rigar tiyata, a aske wurin da za a yanka.

Na jera kayana a tire, na je na ja labule. Sai muka yi ido huɗu da Alhaji Iro, babban mahauci, maƙwabcinmu, abokin Malam, wanda tare suke zama a tabarma ɗaya bayan la'asar. Jiya-jiya na ji ana cewa zai tafi Kuseri sayen shanu. Matarsa Hajiya Dudu na zaune a gefe ta rafka tagumi.

Ya ja bargo har haɓa ya ce, "Maman Sadiya! Wa ya gaya miki?"

"Babu wanda ya gaya mini, Alhaji. Sannu da jiki."

"To in dubiya kika zo, na gode, ki gaida Malam. A'a, kar ma ki gaishe shi. Kar ki ce kin gan ni." Sai a lokacin ya lura da rigata. "Wannan kuma rigar wa kika ara?"

"Tawa ce, Alhaji. A nan nake aiki."

Ya dubi matarsa. Hajiya Dudu ta ce, "Ai na gaya maka ta fara zuwa asibiti."

"Na zaci girki take musu!"

Na danne dariya, na ce ya miƙo hannu. Rabona da neman jijiya tun kafin a haifi tagwaye, ga hannun mahauci fata kamar ƙirgi. Amma Allah ya taimake ni, allurar ta shiga a karon farko. Wani daɗi ya kama ni, na ji kamar in yi guɗa. Muka ba shi rigar tiyata, mai ɗaurin baya, ya sa a ƙarƙashin bargo yana ta gunaguni. Daɗin nan ne ya sa ban tsaya kallon fuskarsa ba. Na buɗe tire na ɗauko reza.

Ya ce, "Wannan ta mece ce?"

Na ce, "Aski, Alhaji."

Ya shafa kansa. "Shekaranjiya wanzami ya zo."

Na ce, "Ba kai ba."

Na ga gumi ya keto masa a goshi. Can ya ce a hankali, yana son ya kewaya tukuna. Na rufe ruwan, na cire robar na bar allurar a hannunsa da filasta. Ya ɗora babbar rigarsa a kai ya ce ba zai ratsa mutane baya a buɗe ba, ya fita a sunkuye yana dafe da mara. Muka zauna jira ni da Hajiya Dudu, har ta fara ba ni labarin tsadar tattasai. Da shirun ya yi yawa na je na ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki. Babu kowa. Mata masu wanki suka ce sun ga wani dattijo ya bi ta ƙofar baya inda suke shanya, ya tsai da mai moto, wato ɗan acaɓa, ya hau a karkace kamar mace mai zane.

Na je na gaya wa Majo. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Ta kira Dokta ya leƙo daga ƙofar ɗakin tiyata, ya saurara, ya ce, "Wannan hanjin ba zai jira yamma ba. In jini ya daina kai masa zai mutu ya ruɓe a ciki, daga nan kuma sai yadda Allah ya yi. Ku nemo shi."

Aka kira wayarsa, ta yi ƙara a cikin jakar Hajiya Dudu. Ta fashe da kuka tana cewa ba zai je gida ba, don ya san can za a fara nema, sai dai rumfarsa a kasuwa. Majo ta ce za ta aika Buba, abokin aikinmu namiji, da motar asibiti. Na ce, "Majo, mutumin nan gudun idon jama'a ya yi. In motar asibiti ta tsaya a layin mahauta, wallahi sai dai ya mutu a can. Ki bar ni in je." Ta dube ni ta ce, "Ba ma kama majiyyaci da ƙarfi, kin sani. Ki gaya masa abin da Dokta ya faɗa, kar ki rage kar ki ƙara. Mota za ta jira ki a bayan gidan mai. Maganar yadda aka yi ya fita, za mu yi ta daga baya."

Na ari babban mayafin Hajiya Dudu na lulluɓe farar rigata har ƙasa, na tare mai moto. Yaron nan da ya ji na ce sauri, sai ya ɗauka da gaske nake. Duk addu'ar da na iya na karanta kafin mu kai.

A layin mahauta rana ta take, ana ta sara ana ta ciniki da Fulatanci da Hausa da Faransanci. Rumfar Alhaji tana da ɗan ɗaki a baya inda ake ajiye wuƙaƙe da tabarmar salla. Ƙaninsa Sale yana kan teburi, ya gan ni ya washe baki ya gaishe ni da Fulatanci. "Maman Sadiya, jam na? Biki ne kuma? Cinya za a ba ki ko ƙirji?" Na tambayi Alhaji. Ya ce ya fasa tafiya, ya shigo yanzu ya ce kansa ke ciwo, kar wanda ya dame shi.

Nan na tsaya ina tunani. Matar aure ba ta shiga ɗakin mahauci haka kawai, ga idanu ko'ina, kuma ba zan iya faɗin abin da ya kawo ni ba. Sai na yi abin da aka san ni da shi. Na riƙe ƙugu, na ɗaga murya yadda har masu kifi za su ji.

"Ciwon kai ko? Ai dole kansa ya yi ciwo! Naman da aka aiko mini ranar Lahadi, nama ne ko ƙashin kare? Na yi baƙi daga Marwa, na sa tukunya tun hantsi, har azahar abu kamar takalmin roba! Yau sai ya fito ya gaya mini laifin da na yi masa!"

Sale ya rikice ya fara rantsuwa shi da hannunsa ya yanka, maƙwabta suka fara matsowa ana ba ni haƙuri. Na ce ba da yara zan yi magana ba, da mai rumfa zan yi. Na ture labulen buhu na shige, na bar shi rabi a buɗe don mutunci.

Abin da na gani ya kashe mini wasan. Alhaji na kwance a tabarma ya naɗe kamar jariri, leɓɓansa sun bushe, ya yi amai a cikin wani tsohon kwano. Na durƙusa na taɓa wuyan hannunsa, bugun na gudu ƙwarai. Na sassauta murya na gaya masa maganar Dokta kamar yadda aka faɗa. Ya juya fuska bango ya ce zai sha jiƙo, ai ta saba komawa.

Na ce, "Alhaji, kai mahauci ne. Ka taɓa farke saniya ka tarar hanjinta ya murɗe ya yi baƙi?"

Ya ce, "Na taɓa."

"Me kuke yi da shi?"

"Zubarwa."

"To naka yanzu yana hanya. Bai kai ba tukuna."

Na ji yana numfashi da ƙyar. Can ya ce, "Ni wuƙa ba ta ba ni tsoro, da ita na girma. Amma a ce matar Malam ce... Subhanallahi. Da wane ido zan sake zama da shi a tabarma?"

Na ce wannan mai sauƙi ne, akwai Buba, shi zai yi askin, ni ko kusa da labulen ba zan zo ba. Da ma abin da ya kamata in fara tambayarsa ke nan.

Ya ce, "To bakinki fa? Shekara nawa ina ɓoye abin nan a cikin babbar riga. Ke kuwa, Maman Sadiya, ranar da 'yata ta samu miji, kafin in isa gida daga masallaci har mai shayi ya yi mini murna."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. A waje kuma ina jin Sale yana cewa, "Sun yi shiru, ko ta shaƙe shi ne?" Sai na ɗaga murya na ce, "Kuma hantar ma rabi kitse!" Sannan na sunkuya na ce, "Alhaji, kafin in bar aiki na yi shekaru a ɗakin tiyatar garin nan. Manyan mutanen da kake gaisarwa a durƙushe, masu rawani da masu mota, da yawansu na gan su babu wando. Mun zauna unguwa ɗaya da kai tsawon shekaru. Ka taɓa jin sunan ko mutum ɗaya a bakina?"

Ya juyo a hankali, duk da azabar da yake sha idonsa ya yi wani haske. Ya ce, "Kamar su wa?"

Na ce, "Ba za ka ji ba."

"Ko ɗaya? Ai ni ba zan faɗa ba."

"Ko ɗaya, Alhaji."

Ya yunƙura ya tashi zaune. Sannan ya ce, "Miƙo mini hulata."

Muka fito, ni a gaba ina ta faɗa, cewa sai mun je gaban Malam an raba mana wannan magana, shi a baya a sunkuye yana jan ƙafa, ya ɓoye hannun mai filasta cikin riga. Mahauta suka buɗe mana hanya. Na ji wani tsoho yana cewa, "Kai, mata! Dubi yadda ta lanƙwasa Alhaji a kan kilo guda." Sale ya ce zai biyo mu ya ba da shaida, Alhaji ya daka masa tsawa da sauran ƙarfinsa ya ce ya tsaya kan teburi.

A bayan gidan mai muka tarar da mota, Buba ya kama shi ya kwantar. Na roƙi direba ya tafi a hankali ba hayaniya. Ya ce to. Muna hawa kwalta ya saki jiniya. Alhaji ya ja mayafin matarsa daga kafaɗata ya rufe fuska, a haka muka shiga asibiti.

Buba ya yi aski, aka wuce da shi kai tsaye. Na zauna a benci tare da Hajiya Dudu, ita tana jan carbi, ni ina kallon ƙofa, ina tunanin idan mutumin nan ya mutu da wane baki zan yi wa 'ya'yansa gaisuwa. Bayan azahar Dokta ya fito ya ce hanjin ya fara canza launi, amma da aka sake shi aka ɗumama ya dawo ja, ba a yanke ko kaɗan ba. Hajiya Dudu ta faɗi ta yi sujada a kan simintin. Ni kuwa na shiga ɗakin canza kaya na yi kukan da ban san yana nan ba.

Da yamma Majo ta kira ni ofis. Ta ce daga yau majiyyacin da ke jiran tiyata ba ya zuwa banɗaki sai da rakiya, kuma kafin a taɓa mutum a tambaye shi ko ya fi son namiji ko mace. Ta ce wannan na biyun ai ni na koya mata. Na ce na tuna. Ta ce, "To je ki gida, Tanti. Gobe ƙarfe bakwai."

Wahalar gaske a unguwa na sha ta. Malam ya dawo daga masallaci yana cewa shiru bai ga Alhaji a tabarma ba, ko ya wuce Kuseri ne, na ce Allah ya dawo da shi lafiya, na ci gaba da tuƙa tuwo. A gidan suna mata suka kewaye ni suna son jin yadda rigimar nama ta ƙare, ga labari mai daɗi cike da bakina, na ce an sasanta. Wata ta taɓa goshina ta ce ko ba ni da lafiya. Amfani ɗaya da na samu shi ne, har yau in na doshi layin mahauta, tsoka zalla ake yanka mini, ba mai sa mini ƙashi.

Bayan ya warke ya koma tabarma, Alhaji da bakinsa ya fasa labarin, don ya ga yana tafiya a miƙe kamar saurayi kuma abin ya fi ƙarfin ya yi shiru. Malam ya shigo gida ransa a ɓace ya ce, "Hauwa, abokina yana kwance rai a hannun Allah, kina kawo mini tuwo kina kallona, ba ki ce komai ba?" Na ce aiki ne. Ya zauna bakin gado, na zaci fushi ne. Can ya yi gyaran murya, bai dube ni ba, ya ce, "Shi wannan likitan naku, yana ganin mutane ranar Asabar?" Shekarunmu nawa da aure, ban taɓa sanin yana ɗauke da wata damuwa a jikinsa ba. Ranar Asabar na raka shi har ƙofar Dokta Hamadu, na zauna a benci a waje.

Na'urorin da suka ba ni tsoro, kafin watannin gwaji su ƙare na iya su duka, ku ma za ku iya waɗanda za a kawo bayansu. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a gari irin namu wanda ke kan gadon nan maƙwabcinku ne, ko surukin yayarku, ko mai sayar muku da nama. Sau da yawa ya daɗe da ciwon, abin da ya hana shi zuwa tsoron a gan shi ne, a kuma ji a gari. Saboda haka in kun ja labule, ku ajiye tiren tukuna, ku gaisa, ku dubi fuskarsa, ku gaya masa abin da za a yi da wanda zai yi. Bayan haka ne ake ɗauko reza.